Lotus: Ƙaramin Kamfanin Motar Da Ya Sha Fama Da Gyaran Sunansa

1/ Yau ba siyasa, ba ƙwallo. Labarin wani ɗan ƙaramin kamfanin mota na Ingila na kawo muku, mai suna Lotus. Sama da shekara hamsin yana fama da abu ɗaya: mutane na sha'awar motarsa, amma ba su yarda da ita ba. Zai ɗan yi tsawo, ku gyara zama.

2/ Yadda aka yi na faɗa cikin labarin nan: a darasin hulɗa da jama'a malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya zaɓi kamfani ɗaya ya nuna yadda ya gyara sunansa bayan ya ɓaci. 'Yan ajinmu duk suka tafi bankuna da kamfanonin waya. Ni kuwa sai na ɗauko Lotus, don in burge.

3/ Na rubuta shafi shida, duk kan finafinai da talla da taurari. Malam ya dawo min da takardata da tambaya ɗaya da jan biro: "Na ga tallan, ina motar?" Wallahi ranar na ji haushi. Sai da na koma na sake karatu daga tushe na gane abin da yake nufi. Ga abin da na gano.

4/ Wanda ya kafa Lotus shi ne Colin Chapman. A 1948, yana ɗalibin injiniya a Landan, ya sami wata tsohuwar Austin 7 ya sake mata fasali a garejin gidan su budurwarsa Hazel, wadda daga baya ya aura. A 1952 ya kafa kamfanin, a wani tsohon bargan dawaki da ke bayan otel ɗin babansa.

5/ Aƙidarsa ɗaya ce tal: rage nauyi. Akwai maganar da ake danganta masa, wai ƙara wa mota ƙarfi yana sa ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma rage mata nauyi yana sa ta gudu ko'ina, har da kan kwana. Duk ƙarfen da ba shi da aiki biyu, Chapman na ganin lodi ne kawai.

6/ A filin tsere kam aƙidar ta yi aiki. Jim Clark ya zama zakaran duniya na Formula 1 da Lotus a 1963 da 1965. Graham Hill a 1968, Jochen Rindt a 1970, Emerson Fittipaldi a 1972, Mario Andretti a 1978. Kambun direbobi 6, na masu ƙera mota 7. Ɗan kamfanin ƙauye yana kayar da Ferrari.

7/ To amma akwai ɗaya fuskar. Motar da aka rage wa nauyi har iyaka, wataran wani abu zai karye. A gasar Sifen ta 1969 fukafukan bayan motocin Hill da Rindt suka karye ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi hatsari. Rindt ya rubuta wa Chapman wasiƙa yana cewa ya fara rasa yarda da motocin.

8/ A Satumban 1970 Rindt ya mutu a cikin Lotus lokacin gwaji a filin Monza na Italiya. Makin da ya riga ya tara ya isa ba wanda ya kamo shi, aka ba shi kambun bayan ransa. Har yau shi kaɗai ne aka taɓa yi wa haka a Formula 1. Sunan Lotus ya zama biyu: gudu da fargaba.

9/ Motocin titi kuma nasu tabon daban ne. Da yawa daga cikinsu ba a haɗe ake sayarwa ba. Za a kawo maka bodi daban, inji daban, sauran tarkace a kwali, kai ne za ka ɗaura a garejinka. Dalili? Harajin saye na Birtaniya bai shafi motar da aka sayar a warwatse ba.

10/ Akwai labarin da masoya Lotus ke son bayarwa: wai doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake ɗaurawa, sai Chapman ya riƙa ba da takardar yadda ake kwancewa. Kai kuma sai ka karanta daga ƙasa zuwa sama. Kun dai fara gane irin mutumin.

11/ Amma ku duba abin da wannan ke yi wa suna. Motar da akawu ko malamin makaranta ya ɗaura da kansa ranar Asabar, in ta tsaya a hanya ba sunansa ne a goshinta ba, sunan Lotus ne. Ga yoyon ruwan sama, ga wayoyin wuta masu rigima, ga bodin faiba mai tsagewa.

12/ Har Turawa suka mayar da haruffan sunan abin tsokana: Lots Of Trouble, Usually Serious. Ma'ana, matsala tuli, kuma yawanci babba. Ku riƙe wannan tsokanar a ranku, domin duk sauran labarin nan ƙoƙarin kashe ta ne.

13/ Yunƙuri na farko: sauya aji. A Afrilun 1973 Birtaniya ta kawo harajin VAT, ribar sayar da mota a warwatse ta ƙare. A shekarar Chapman ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera Lotus Seven, wadda ita ce tambarin wancan zamanin. Caterham na ƙera ta har yau.

14/ Chapman so yake a daina kallonsa a matsayin mai sayar da kayan haɗi, a fara lissafa shi da Porsche da Ferrari. Ya ɗauko shahararren mai zanen mota ɗan Italiya, Giorgetto Giugiaro. Abin da ya fito shi ne Esprit: gajeriya, mai faɗi, mai kaifin goshi kamar bakin gatari.

15/ An nuna ta a baje kolin motoci na Paris a Oktoban 1975, aka fara sayarwa a 1976. Matsalar ita ce kuɗin talla. Kamfanin da ke ƙera 'yan ɗaruruwan motoci a wani tsohon filin jirgin yaƙi a ƙauyen Hethel ba zai iya gasar talla da manya ba.

16/ Nan ne jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, Don McLauchlan, ya shigo. Ya ji labari ana shirin sabon fim ɗin James Bond a ɗakunan shirya finafinai na Pinewood. Kowa ya san abin da fim ɗin Goldfinger na 1964 ya yi wa Aston Martin DB5. Ko ba a gaya masa ba, ya san wannan dama ce.

17/ Bai rubuta wasiƙa ba, bai nemi a ba shi lokacin ganawa ba. Ya ɗauko Esprit ɗaya wadda ba a kai ga fara sayarwa ba, ya bi duk inda aka rubuta Lotus a jikinta ya liƙe da salatif. Ya tuƙa ta har Pinewood, ya ajiye ta daidai ƙofar ofishin masu shirya fim ɗin.

18/ Ya tafi abinsa. Aka fito cin abinci, aka ga wata halitta da ba a taɓa gani ba, ba suna ba tambari. Jama'a suka taru suna leƙe. Da ya dawo, ya ratsa su ya shige motar ya ja, bai tsaya amsa tambayar kowa ba. Kai, mutumin nan ɗan duniya ne!

19/ Ku lura da dabarar. Da shi ya je roƙo, shi ne mai nema. Yanzu su ne suka shiga cigiyar wane ne mai motar nan. Bai ce musu motarsa ta fi ta kowa ba, ajiye ta ya yi a inda idonsu zai gani. Gani ya kori ji.

20/ Haka Esprit ta shiga The Spy Who Loved Me na 1977, Roger Moore na Bond. A tsibirin Sardiniya aka ɗauki wurin da jirgi mai saukar ungulu ke bin ta. Akwai wani ƙaramin abu da ya faru a can wanda na tsallake a rubutuna na farko, alhali shi ne zuciyar zancen.

21/ Direban da aka ɗauko don wasan ganganci ya kasa sa motar ta yi abin tsoro a kyamara, saboda yadda take riƙe titi. Sai ma'aikacin Lotus da ya rako motar, Roger Becker, ya karɓi sitiyari. Shi ya san iyakarta, shi ya tuƙa yawancin abin da kuke gani a fim ɗin.

22/ Wato dabarar McLauchlan ta buɗe ƙofa ne kawai. Abin da ya riƙe masu fim shi ne motar da gaske ta iya kwana. Da kyan ɗan maciji ne da ita, a Sardiniya asiri zai tonu.

23/ Sai wurin da kowa ya sani: motar ta faɗa teku, tayoyi suka naɗe, ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa. Wani kamfani a Florida ne ya ƙera wannan, aka ɗauka a Bahamas. A 2013 Elon Musk ya saye shi a gwanjo a Landan kan fam 616,000.

24/ Fim ya fita, yara a ko'ina suka manna hoton farar Esprit a bango, oda ta yi ta shigowa. In a nan na tsaya, labari ya yi daɗi, kuma a nan ɗin na tsaya a rubutuna na farko. Amma me ya sami waɗanda suka saya?

25/ Suka tarar da inji mai silinda huɗu, lita 2, ƙarfin doki 160. Ba laifi, amma bai kai abin da surar ta yi alkawari ba. Ga ƙara a ciki, ga zafi, ga wahalar hango baya. Bond ya sa an san sunan, bai hana bakanike ganin motar ba. Tsokanar nan ta ci gaba da rai.

26/ Zuwa farkon shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, cinikin Amurka ya faɗi, motocin da Lotus ke ƙerawa a shekara suka koma ƙasa da 400. Shekara uku kacal bayan duniya ta gama tafa musu a silima. Shahara ba ta biyan albashi.

27/ Sannan babbar masifa ta zo, kuma ba daga inji ba. Wani tsohon babban jami'in General Motors, John DeLorean, ya karɓi miliyoyin fam daga gwamnatin Birtaniya don buɗe masana'antar mota kusa da Belfast. Lotus aka ba aikin injiniyancin motar. Ita ce ta fim ɗin Back to the Future.

28/ Kuɗin da aka ce na wannan aikin ne, kusan dala miliyan 17, sun bi ta wani kamfani mai suna GPD, mai rajista a Panama da adireshi a Geneva, suka ɓace. Kamfanin DeLorean ya rushe a 1982. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

29/ Ranar 16 ga Disamba, 1982, Chapman ya mutu da bugun zuciya yana da shekara 54, kafin a kai ga gurfanar da kowa. A 1992 kotu a Belfast ta ɗaure tsohon shugaban harkar kuɗi na Lotus, Fred Bushell, shekara uku. Alƙalin ya nuna da Chapman na raye, nasa hukuncin ya fi haka nauyi.

30/ Ku tsaya ku auna. Kamfanin da duk martabarsa ta rataya a kan mutum ɗaya, har haruffan sunansa ACBC ne a kan tambarin. Mutumin ya tafi, ya bar zargi. Wannan tabon ba fim ɗin da zai wanke shi. Darasi: in ka ɗora sunan sana'arka duka a kan mutum ɗaya, laifinsa ma naka ne.

31/ Daga nan sai yawon hannu. General Motors ta saya a 1986. A 1993 ta sayar wa ɗan kasuwar Italiya Romano Artioli, mai Bugatti a lokacin. A 1996 kamfanin Proton na Malesiya ya karɓa. Uban gida uku cikin shekara goma.

32/ A tsakani sun sake samun sa'ar fim. Esprit ce Richard Gere ke fama da giyarta a farkon Pretty Woman na 1990. Ana cewa Ferrari da Porsche sun ƙi ba da tasu saboda jigon labarin, Lotus ta ce ga tawa. An sake yin suna. Amma fim na biyu ma bai canza ra'ayin masu saye game da ƙarko ba.

33/ To me ya canza shi? Wata 'yar mota ce da ba tauraro ko ɗaya a bayanta. A Satumban 1995, a baje kolin Frankfurt, aka yaye mayafi sai ga wata ƙaramar yarinya zaune a ciki. Jikar Artioli ce, Elisa. Da sunanta aka raɗa wa motar suna: Elise.

34/ Elise nauyinta kilo 725 ne kawai. Ƙashinta na alminiyam ne, kuma ba walda aka yi ba, da gam na musamman aka manne shi, nauyinsa bai kai kilo 70 ba. Injinta na Rover ne, lita 1.8, ƙarfin doki 118. Injin motar gida ne, amma da yake ba lodi, sai ta zama kamar tsuntsu.

35/ Ciki ba kafet, gilashi da hannu ake murɗawa, shiga ma sai ka durƙusa. Ba su ɓoye ko ɗaya ba. Ba su ce ga abokiyar gasar Ferrari ba. Suka ce ga abin da muka iya, suka miƙa wa 'yan jaridar mota makulli. Waɗanda suka tuƙa su suka yi musu tallan kyauta.

36/ Sun yi lissafin sayar da 'yan dubbai kaɗan, sai abin ya fi ƙarfin lissafinsu. Saura matsala ɗaya: injin Rover ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit. A 2004 suka fara sa injin Toyota, da shi kuma suka shiga kasuwar Amurka da Elise.

37/ A ganina wannan ne aikin gyaran suna mafi girma a tarihin Lotus, kuma injiniyoyi ne suka yi shi. Mu nan mun san ma'anar "injin Toyota ne a ciki", ko wane bakanike ka tambaya. Shekara da shekaru ana tsokanarsu, amsar da ta fi aiki ita ce mota ta tashi da safe.

38/ Shaida? Da Tesla ta tashi yin motarta ta farko, Roadster ta 2008, wurin Lotus ta je. A Hethel aka riƙa haɗa gangar jikin, bisa tsarin Elise. Kamfanin da ake wa dariya ya zama wanda wasu ke jingina da shi.

39/ Yanzu ga ɓangaren da na fi so ku karanta. A 2009 aka naɗa sabon shugaba, Dany Bahar, wanda ya yi aiki a Red Bull da Ferrari. Gwanin tallata suna ne. Ra'ayinsa shi ne Lotus ta yi ƙanƙanta da yawa, dole ta koma kamfanin alfarma.

40/ Baje kolin Paris, 2010. A rana ɗaya Lotus ta yaye mayafin sabbin motocin gudu biyar: Esprit, Elan, Elite, Elise da Eterne. Aka gayyato Naomi Campbell, Mickey Rourke, Brian May da Stephen Baldwin su ja mayafan. Daga baya har mawaƙi Swizz Beatz aka ba muƙami.

41/ Manyan kamfanoni ma da ƙyar suke fitar da sabuwar mota ɗaya a shekara. Ga kamfanin da ke tafka asara yana alkawarin biyar. Ga su da nauyi, wata ta ninka Elise ta farko. 'Yan jarida suka ce to, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

42/ Tsofaffin masoya kuma suka ji an yi watsi da su. Su da suka jure yoyo da lalacewa saboda rashin nauyi, yau an ce musu ana neman wasu masu kuɗi. Ga ruɗani a Formula 1: a 2011 ƙungiyoyi biyu ne ke tsere da sunan Lotus, suna shari'a da juna a kotu.

43/ A Afrilun 2012 wani shafin barkwanci ya haɗa hoton Bahar a matsayin ministan yaɗa labaran Iraƙi na zamanin Saddam, wanda ke cewa komai lafiya alhali gari na ci da wuta. Maimakon su share, sai Lotus ta saki doguwar sanarwa a Facebook cikin fushi, tana kiran sunaye.

44/ Kun san yadda abin yake a nan dandalin. Wanda bai ga hoton ba ma sai da ya je ya nemo. Martanin ya fi tsokanar yaɗuwa. In an tsokane ka kuma ba ka da abin nunawa a ƙasa, dogon bayani ƙara wa wuta fetur ne.

45/ A shekarar kamfanin DRB-Hicom ya sayi Proton, aka dakatar da Bahar a Mayu, aka sallame shi a Yunin 2012. Ya kai ƙara, daga baya aka sasanta. Motoci biyar ɗin nan fa? Ko ɗaya ba a ƙera don sayarwa ba. Ko ɗaya.

46/ Ku ajiye ranakun nan biyu kusa da juna. Pinewood: mota ɗaya ta gaske, an rufe sunanta, kuɗin da aka kashe na mai ne da salatif. Paris: suna ko'ina, taurari huɗu, motoci biyar da ba su wanzu ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

47/ Me ya riƙe kamfanin bayan an kashe fitilun Paris? Elise ɗin nan dai da 'yan uwanta Exige da Evora. An yi ta ƙera ta har ƙarshen 2021, shekara 25, sama da guda 35,000. Ta ƙarshe da aka yi wa mai saye, Elisa aka miƙa wa, yarinyar nan ta Frankfurt.

48/ A 2017 kamfanin Geely na Sin ya sayi kashi 51 na Lotus. Sun kawo kuɗi, sun fitar da Emira a 2021, sannan Eletre, ƙatuwar jif mai lantarki da ake ƙerawa a Wuhan, nauyinta kusan tan biyu da rabi. Ta fi Elise uku a haɗe. Masoya na ta musu: wannan Lotus ce kuwa?

49/ Ni dai ban yanke hukunci ba. Kamfani ba zai rayu da yabo kaɗai ba, dole ya sayar. Amma tarihin nan ya nuna duk lokacin da Lotus ta yi ƙoƙarin zama wani daban, sai ta sha wuya. Duk lokacin da ta tsaya kan abin da ta iya, sai mutane su yafe mata sauran.

50/ Abin da na rubuta a karo na biyu ke nan: dabara na iya sa a san ka a rana ɗaya, kamar yadda McLauchlan ya yi. Amma a san ka daban, a yarda da kai daban. Na farkon aikin mai talla ne. Na biyun sai wanda ke riƙe da sifana.

51/ Da yawanmu nan muna ɗan taɓa sana'a, wani takalmi, wata turare, wani gyaran waya. Kafin ka biya wani mai mabiya ya yabe ka, tambayi kanka abin da malam ya tambaye ni da jan biro. In kwastoma ya dawo da ƙorafi, kayan za ka gyara, ba hoton ba.

52/ Takardar tana hannun malam yanzu, sakamako bai fito ba, ku sa ni a addu'a. Tambayata gare ku: da kai ne shugaban Lotus yau, za ka ci gaba da jif mai lantarki don a samu kuɗi, ko za ka koma 'yar mota mara nauyi? Ina jiran ku a ƙasa.